Kaifi

Shekara goma sha tara
da wuƙa ɗaya nake ciyar da gidan nan,
wadda Goggo Petel ta cusa mini cikin kwalla
daren da aka kawo ni Bolari.
Wani maƙerin Kumo ne ya fitar da ita daga sifirin mota.
Mariƙinta ya tsage, na naɗe da robar tayar keke.
Na wasa ta a bakin dakali
har dakalin ya yi kwarmi,
ita kuma ta rame, ta koma kamar ganyen gamba.

Tumatir ba yanka shi take ba,
lallashi take, har ya gaji ya fashe.
Albasa ta sha murƙushewa, ni na sha hawaye.
In jijiyar nama ta zo faranti
sai mu kama kokawa mu uku,
kuma ba kullum nake kayarwa ba.

Ranar da adashi ya faɗo kaina
na tsallake layin atamfa ban waiga ba,
na tsaya shagon Bappayo a babbar kasuwa.
Ya zaro ta daga kwali a hankali,
ya ɗaga takarda sama da yatsu biyu,
ya ɗora baki. Takarda ta rabu ko ƙara babu.
Dubu goma sha takwas, in ji shi.
Na ce, wuƙa na tambaya, ba ɗan akuya ba.
Ya yi dariya, ya ce ɗauki ki ji.
Na ɗauka.
Nauyinta ya zauna a tafina kamar dama can wurinta ne.
Sha biyar muka rabu, kowa na cewa an cuce shi.

A cikin Napep ina rungume da jaka
ina lissafin abin da na bari:
gawayi, man gyaɗa, takalmin Manu da ya buɗe baki.

Na wanke ta, na yi bisimilla.
Tumatirin Kwadon, nunanne, mai tsoron taɓi,
na aza ta kawai, ta sauka da kanta,
ruwansa bai ma san an wuce ba.
Kuɓewa ta zubo taurari-taurari.
Kabeji ya zama zare.
Kifin Dadin Kowa ya buɗe kamar littafi.
Na gama aikin miya rana ba ta bar kan katanga ba,
na tsaya tsakar gida hannu sake,
ban san me ake yi da ragowar lokaci ba.

Kwana uku ta cije ni a babban yatsa.
Jini ya riga zafi isowa.
Ba laifinta ba ne:
hannun da ya shekara goma sha tara yana dannawa
bai san akwai ƙofar da ba a bankawa ba.
Ashe sauƙi ma sai an koya.

Maigida ya juya ta a hasken fitila, ya ce nawa?
Na ce miyarka na hucewa.

Da safe ga 'yar Maman Rifkatu a ƙofa:
wai a ara mata wuƙar nan da ake labari,
za ta buɗe gwangwani, ta sara ƙashi.
Na ce to,
na miƙa mata ta Goggo.

Yanzu tsohuwa ita ke yawon unguwa,
ta dawo da magariba da ƙanshin miyar wasu.
Sabuwa kuwa in goge ta, in busar, in naɗe a ƙyalle,
can saman kanta inda hannun yaro ba ya kai.

Amma wani lokaci da asuba, kafin in gama farkawa,
hannuna kan tafi ƙusar bayan ƙofa da kansa.
Sai in bar shi.
In ɗauko rogo guda biyu,
mu zauna bakin dakalin nan mai kwarmi,
mu feƙe a hankali, ni da ita,
ba mai gaggawa.